Rediyo mai memori da na saya wa Baba

Ƙaramar rediyo ce irin wadda ake bazawa a tebur a bakin kasuwa, mai ramin memori da 'yar fitila a gefe, ana cajinta kamar waya. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Saboda mahaifinmu na saye ta, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙin babbar mota tsakanin Kano da Legas, yanzu kuma shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi a ɗaki. Daga nan na biya wajen masu turi na ce a cika min memori da tsofaffin waƙoƙi: Shata, Ɗan Maraya, Ɗanƙwairo, sai Barmani Choge saboda Inna.

Rediyon ba laifi. Caji ɗaya yakan kai daga hantsi har la'asar. Tana da ƙara, amma idan aka ƙure ta sifikar takan yi karkarwa, kalangu ya koma kamar ana dukan gwangwani. Maɓallanta kuma sun yi ƙanana ga mai aiki da hannu ɗaya, sai da na manna salatif a kan na canja waƙa don ya riƙa laluba shi.

Tun da ciwon ya same shi Baba ya rage magana, harshen ya yi nauyi, kuma yana jin kunyar a ce masa "me ka ce?" Ranar da waƙar Karen Mota ta Ɗan Maraya ta shigo, kuntigin nan mai tsirkiya ɗaya na tashi sai ya yi dariya da rabin baki. Ya yafito ƙanena ya ce, "Kai, zo ka ji." A hankali ya shiga ba shi labarin yadda shi ma da yaron mota ya fara, kwana a kan lodi, dira da gudu a sa weji idan mota ta tsaya a hawa. Mu da aka haifa a gidan ba mu taɓa jin wannan ba.

Idan Shata ne kuwa, da hannun mai lafiya yake buga gwiwa yana bin 'yan amshi, kuma kalmomin sun fi fita sarai a amshi fiye da a hira. Masu kula da irin wannan ciwo sun san haka: wanda magana ta yi wa wuya sau da yawa yakan iya rera abin da ya haddace tun da daɗewa. Ban ce magani ba ne, ƙwayoyin hawan jininsa da motsa jiki suna nan yadda likita ya ce. Kuma ba kowace waƙa ce ke faranta masa ba. Akwai wadda ta tuna masa wani amininsa da ya rasu a hanya, ranar ko tuwon dare bai ci ba. Na goge ta, da safe ya ce a mayar.

Inda raina ya ɓaci shi ne aikin masu turin. Waƙoƙin Shata dogaye ne, sai ka ji an datse a tsakiya. Wasu daga tsohon kaset aka kwafo, shuuu ɗin ya fi muryar ƙarfi. An rubuta Ɗanƙwairo a kan waƙar da Baba ya rantse ta Narambaɗa ce, ga kuma waƙoƙin fiyano da aka cusa ba wanda ya nema. Shata ya rasu a 1999, Barmani a 2013, Ɗan Maraya a 2015, babu mai sake rera su, don haka guntayen nan ne yaranmu za su ɗauka su ne waƙoƙin.

Wanda zai saya wa dattijonsa ya nemi mai manyan maɓallai. Wajen turi kuma kada ya ce "a cika". Ya zauna a shagon ya saurari farko da ƙarshen kowace waƙa, a ware kowane mawaƙi daban, in ba haka ba tsoho zai wuni yana danne-danne bai kai ga wadda yake so ba.