Waken Suya Ko Wake A Gonar Rake Mai Hutu?

Ɗan'uwa, tunda tsakanin waken suya da wake kake neman zaɓi kafin ka sake dasa rake, ni dai waken suya zan ce maka.

Na shuka shi a wani fegi da rake ya yi gyauro sau huɗu a jere, har sandunan suka koma sirara, gaɓoɓi gajeru. Na tuge kututturen, na yi huɗa, na shafa wa irin garin bakteriyar nan da ake gauraya shi da shi kafin shuka. Bayan kamar sati shida na ciro tsiro ɗaya na karkaɗe ƙasar, sai ga saiwar ta cika da ƙananan ƙulle-ƙulle. Na fasa ɗaya da farce, cikinsa ja-ja. Wannan jan shi ne shaidar cewa suna aiki, suna jawo naitrojin, sinadarin da ke cikin takin yuriya, daga iska. In ka fasa ka ga fari ko kore, ba su tsinana komai. Daga baya aka yi ruwa mai yawa ya kwanta a gangaren fegin kwana biyu, ganye ya yi rawaya har na fidda rai, ashe zai farfaɗo. Raken da ya biyo baya ya fito kore shar, kuma na rage masa yuriya ba tare da ya nuna yunwa ba. Ba mu kaɗai ba ne, manoman rake a Kwinslan ta Ostiraliya waken suya suke sa wa a lokacin hutu, na Birazil kuma suna yi da shi ko da gyaɗa.

Wake kuwa, to, yana nuna da wuri, wasu iri kwana 60 zuwa 70, kuma yana jure fari. Amma ƙasar rake mai riƙe ruwa ce, shi kuma ba ya son ruwa ya kwanta masa. Nawa rabi ya ruɓe, sauran kuma feshi ya cinye ribarsa. Sai dai in hutun naka bai kai wata uku ba, to wake za ka shuka, don waken suya yana son kwana 90 zuwa 120.

Abu ɗaya da ba a cika faɗa ba: in ka girbe ƙwayar waken suya, yawancin naitrojin ya tafi cikin buhu. In ƙasa kake son ciyarwa, ka nome shi ɗanye ka binne, ko aƙalla ka bar karan da ganyen a gona, kada ka ƙone. Duk gyauron raken da ya tsiro a ciki ka tuge shi, don shi ke riƙe cuta har zuwa sabon dashe. Ka kuma tuna yaushe ka fesa maganin ciyawa na atirazin na ƙarshe, ragowarsa a ƙasa tana kashe dangin wake.

Sannan ka yi hattara da masu sayar da iri. Irin waken suya ba ya jure ajiya cikin zafi, wasu kuma sai su zuba na bara a sabon buhu su ɗinke. An taɓa yi mini, layi ya fito giɓi-giɓi. Ka ƙirga ƙwaya 100 ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, bayan sati ka duba nawa suka tsiro, sannan ka biya. Garin bakteriyar ma in ka gan shi a shanye cikin rana, ka wuce, ya riga ya mutu.