Fim mai dogon zango da fim mai ƙarewa a zama ɗaya: wanne ya fi inganci?

Malama, kin tambaya ko finafinan Hausa masu dogon zango da ake saki mako-mako sun fi waɗanda muka saba kallo a kaset da faifai inganci, ko kuwa yayi ne kawai ya ɗebe mu. Ni mai kallo ne tun zamanin kaset, kuma abin da idona ya gani zan faɗa miki.

Ta fuskar hoto da sauti, masu dogon zango sun yi gaba nesa ba kusa ba. Tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, har zuwa shekarun da Ƙofar Wambai ke cike da dillalan kaset, an sha sayo fim a kawo gida a tarar muryar jarumi ta nutse cikin ƙarar babur ko ta janareto. Zuwan tashar Arewa24 a 2014 da shirinta na Daɗin Kowa ya saba wa masu kallo da tsaftatacciyar murya da haske mai kyau, ya kuma nuna cewa ana iya riƙe jama'a da labarin unguwa, da malamin tsangaya da mai shayi, ba tare da an tsaya rawa da waƙa ba. Wannan ci gaba ne na haƙiƙa, domin waƙoƙin da aka aro salonsu daga finafinan Indiya sun sha katse labari daidai inda ya fara daɗi.

A wajen ginin labari kuwa, ina tare da fim na da, kuma a nan ne abin ya fi damuna. Fim ɗin faifai, ko da an raba shi kashi na ɗaya da na biyu, dole ne ya kai ƙarshe cikin awa biyu ko uku, saboda haka marubuci yakan san inda ya dosa kafin a ɗauki kyamara. Da satar fasaha da masu tura fim a waya suka karya kasuwar faifai, furodusoshi da yawa sun koma YouTube, inda kuɗin shiga ya dogara da talla da yawan masu kallo, sai tsawaita labari ya zama hanyar cin abinci. Shi ya sa za ki ga an ɓata mintuna ana nuna maigadi yana buɗe ƙofa, mota tana shiga, ana doguwar gaisuwa a falo, sannan a maimaita abin da aka nuna makon jiya da sunan tuna baya. Wani lokaci a canja jarumar da ake ji da ita a tsakiyar tafiya, a ci gaba kamar ba abin da ya faru. Ba na zargin masu aikin da lalaci, domin na san kuɗin ɗaukar fim ba wasa ba ne, amma mai kallon da ya sayi data da guminsa ya cancanci labarin da ke motsi.

Inda dogon zango ya rama shi ne wajen halayen mutane, domin yana ba da sarari a ga yadda kishiya ko ɗan siyasa ke sauyawa sannu a hankali, abin da awa biyu ba ta cika wadatarwa ba.

Saboda haka, idan kina neman tsaftar aiki da Hausa mai kama da ta cikin gida, ki nemi masu dogon zango, musamman waɗanda aka shirya wa talabijin. Ni dai yanzu nakan jira zango ya kammala, in tambayi waɗanda suka bi shi ko an warware ƙullin labarin, kafin in fara kallo.