Digirin NOUN ko Karatun Dogon Hutu: Amsa ga Malama Mai Takardar NCE

Malama, kin ce shekararki takwas kina koyar da lissafi da kimiyya a wata makarantar gwamnati da ke Jos ta Arewa da takardar NCE, kina da yara ƙanana uku, kuma kina son yin digiri ba tare da kin ajiye aiki ba. Tambayarki ita ce wanne ya fi miki tsakanin Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN, da karatun dogon hutu wanda malamai suka fi kira sanwic. Ni ta hanya ta biyu na bi, amma na zauna ofis ɗaya da abokan aiki da dama da suka bi ta farkon, na ga daɗinta da wahalarta a kansu.

Ta fuskar takarda babu abin da zai ɗaga miki hankali. Duka biyun digiri ne da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta san da shi, muddin kwas ɗin da kika zaɓa yana da amincewarta. Duka biyun za su ɗauke ki daga rukunin D zuwa rukunin C a rajistar TRCN, hukumar da aka kafa a 1993 domin yi wa malamai rajista, kuma duka biyun suna buɗe ƙofar da NCE ba ta buɗewa, tun da mai NCE a matakin albashi na 07 ake ɗaukarsa aiki, mai digiri a na 08, sannan akwai inda ƙarin girman mai NCE yake tsayawa komai daɗewarsa a aji. Dokar 2022 da ta kai ritayar malamai shekara 65 ta haihuwa ko 40 ta aiki ta ƙara wa wannan nauyi a duk inda aka fara aiki da ita, domin tafiyar da ke gabanki ta ƙara tsawo. Saboda haka bambancin yana cikin yadda za ki yi karatun ne.

NOUN jami'ar tarayya ce da aka kafa a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a zamanin Shugaba Obasanjo. Hedikwatarta tana Jabi a Abuja, tana kuma da cibiyar karatu a nan Jos. Da NCE mai kyau za ki shiga aji biyu kai tsaye, abin da zai rage miki zango shida idan babu kwas ɗin da ya maƙale. Littattafan darussa suna shafinta na intanet, kina iya sauke su a wayarki ki karanta ko da tsakar dare ne. A kowane kwas akwai aikin gida da ake kira TMA mai maki 30, jarrabawar ƙarshen zango kuma maki 70. A ƙananan azuzuwa da kwamfuta ake jarrabawar, a manya kuma da biro da takarda. Babban abin da ya ja mutane gare ta shi ne yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, bai tsayar da ita ba a shekarun baya, kuma wanda ya tuna yajin aikin 2022, da ya fara ranar 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, ya san darajar wannan.

Karatun dogon hutu kuwa a aji ake yinsa, gaba da gaba da malami. Da zarar an rufe makarantu a ƙarshen Yuli sai ki koma ɗaliba, ki shafe makonnin hutun kina ɗaukar darasi daga safe har yamma, a wasu wuraren har da ƙarshen mako da gajerun hutu, sannan a yi jarrabawa. Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta daɗe da suna a wannan tsari, Jami'ar Jos ma tana da Cibiyar Ilimi mai shirye-shirye domin malamai masu aiki. Mai NCE galibi yakan yi hutu huɗu ko biyar kafin ya kammala, wato ya fi NOUN ɗaukar lokaci, kuma yana iya ƙara tsawo. Ni kaina yajin aiki ya cinye mini hutu guda cur, na zauna da littattafai a gida ina jiran sanarwa har aka koma makaranta.

Inda nake so ki tsaya ki yi dogon tunani shi ne fannin da kike koyarwa. Da a ce ilimin firamare ko nazarin zamantakewa za ki karanta, da na ce miki littafin NOUN da waya mai caji sun ishe ki, domin abin karantawa ne a fahimta a rubuta. Lissafi ba haka yake ba. Wanda ya bar shi a matakin NCE shekara takwas da suka wuce, ya wayi gari yana fuskantar kalkulas da aljabara mai zurfi, yana buƙatar mutumin da zai tsaya gaban allo ya warware matsala mataki-mataki, ya ga inda ɗalibi ya ɓace, ya koma baya ya sake. NOUN tana da malaman da ke bayani ta intanet, kuma ɗalibai sukan haɗa ƙungiyoyin WhatsApp suna taimakon juna, amma sa'a guda a waya, ga data tana ƙarewa ga wuta ta ɗauke, ba ta kai yini guda a aji ba. Na ga malamai masu himma da suka ci TMA da maki mai yawa ta hanyar amsoshin da ke yawo a waya, suka je jarrabawa suka kasa, abin da ya fi ciwo kuma suka koma gaban ɗalibansu ba tare da abin da suke koyarwa ya ƙaru ba. Wannan yana damuna ƙwarai, domin yaran da ke zaune a gabanki su ne za su ci ribar digirin nan ko su yi asararsa. Haka nan kimiyya tana son ɗakin gwaje-gwaje, kuma wanda ke cikin harabar jami'a ya fi kusa da shi.

Sai dai akwai ribar da NOUN take bayarwa wadda ba a cika lissafa ta ba. Wanda ya yi shekara uku yana rajista, yana sauke littafi, yana aika aiki, yana jarrabawa a kwamfuta, tsoron na'ura yakan fita daga zuciyarsa gaba ɗaya. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, kuma yawancin yaranmu na makarantun gwamnati ba sa taɓa linzamin kwamfuta sai ana gab da ranar. Malamar da ta zauna a kan wannan kujera da kanta ta san abin da za ta gaya musu. Jarrabawar cancanta ta TRCN ma da kwamfuta ake yinta.

Batun gida shi ne ɗaya ɓangaren. NOUN tana cin lokacinki kaɗan-kaɗan kullum, kamar sa'a biyu bayan kin gama makin littattafan yara, kin rubuta shirin darasin gobe, kin sauke tukunya, kuma babu mai bin ki da tambaya idan kika yi mako uku ba ki buɗe littafi ba. Karatun dogon hutu yana ƙyale ki a lokacin zango, sai ya zo ya ɗauke hutun gaba ɗaya, daidai lokacin da yaranki suke gida, ga ruwan Agusta na Jos da ba ya ɗaga ƙafa. Wannan yana buƙatar ki zauna da maigida da wadda za ta riƙe miki yara a yi magana tun kafin ki sayi fom. Idan Zariya za ki tafi, sai ki ƙara kuɗin masauki da abinci da na mota. Idan a nan gari ne, musamman in kina wajen Unguwar Rogo ko hanyar Bauchi, keke ɗaya zai kai ki ki dawo ki kwana a ɗakinki. Wajen biyan kuɗi ma yanayin ya bambanta: a NOUN kowane zango ake biya, gwargwadon yawan kwasa-kwasan da kika yi wa rajista, har kina iya rage su idan aljihu ya yi sanyi, a dogon hutu kuwa kuɗin shekara kan zo a dunƙule, shi ya sa malamai da yawa suke haɗa shi da kwasar adashi.

Da ni ce ke, karatun dogon hutu zan zaɓa a nan cikin Jos, saboda lissafi, ko da zai ƙara mini shekara ɗaya ko biyu a kan NOUN. Idan kuwa kika duba kika ga babu mai riƙe miki yara na tsawon makonnin nan, to ki shiga NOUN da zuciya ɗaya, amma ki rage yawan kwasa-kwasai a zangon farko, ki kuma nemi malamin lissafi na babbar sakandare da za ku riƙa zama da shi ke da wasu abokan karatu duk ranar Asabar.

Ko wanne kika ɗauka, kada ki biya ko sisi sai kin rubuta takardar neman izinin ƙaro karatu ta hannun shugaban makarantarku zuwa ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ko hukumar da ta ɗauke ki aiki, kin karɓi amsa a rubuce kin adana kwafinta. Na san malamin da ya kammala digirinsa lafiya lau, ya kai takarda domin a gyara masa mataki, aka tambaye shi izinin da aka ba shi tun farko, ya shafe fiye da shekara yana zarya tsakanin ofisoshi kafin a saurare shi.