Shagon da ya gano abin da ya hana injin yankan ciyawarmu tashi

Makarantar da nake kula da kayanta a Kaduna tana da filin ƙwallo, kuma injin yankan ciyawa guda ɗaya muke da shi, irin na turawa mai shan fetur wanda ake tayarwa da jan igiya. Tun ƙarshen Oktoba da ruwa ya ɗauke aka jefa shi sito, ba a sake waiwayarsa ba sai a watan Yuni, lokacin da ciyawa ta fara kai wa yara ƙauri. Mai gadinmu ya ja igiya har kafaɗarsa ta ƙage, amma injin ko tari bai yi ba. Bakaniken da aka fara kira ya ce kafireto ya mutu, a sayo sabo, alhali ko murfin injin bai buɗe ba. Wannan ne ya sa na ɗora shi a keke na kai wani shago da ya yi suna wajen gyaran janareta da injin ban-ruwa.

Abin da ya fara burge ni shi ne, mai shagon bai taɓa sifana ba sai da ya yi mini tambayoyi huɗu: yaushe rabon injin da aiki, ko an bar fetur a tanki, ko wuƙar ta taɓa dukan dutse, da kuma ɓangaren da ake kwantar da shi idan za a share ƙarƙashinsa. Ya bayyana mini cewa idan wuƙa ta daki dutse da ƙarfi, wani ɗan guntun ƙarfe mai laushi da ke riƙe da faifan saman injin yakan tsinke, wuta ta riƙa zuwa ba a kan lokaci ba, igiya ta riƙa fizge hannun mai ja. Namu bai yi haka ba, don haka ya ajiye wannan zargin.

Daga nan ya bi abubuwa daki-daki, yana faɗa wa yaron shagonsa dalilin kowane mataki. Ya duba sandar da ake dannewa a jikin mariƙi, domin muddin ba a danne ta ba ko wayarta ta saki, injin ba zai ba da wuta ba komai lafiyarsa. Ya kwance fulogi, ya same shi baƙi ƙirin, ya goge, ya jingina shi da jikin injin, yaron ya ja igiya, muka ga tartsatsi shuɗi yana tsalle. Ya auna tazarar bakinsa, wadda a yawancin ƙananan injinan Honda da Briggs & Stratton takan kasance tsakanin milimita 0.7 da 0.8, ya mayar, ya ja igiyar a hankali don ya ji ko injin yana turjewa kamar yadda ya kamata. Matatar iska kuwa ta jiƙe sharkaf da baƙin mai, ƙurar hunturu ta daskare a kai, kuma a nan ne amsar tambayarsa ta huɗu ta fito: mai gadinmu yana kwantar da injin ne ta ɓangaren kafireto, mai yana gangarowa cikin matatar.

Gwajin da ya raba gardama bai kai minti ɗaya ba. Ya ɗiga sabon fetur kaɗan a maƙogwaron kafireto, aka ja igiya, injin ya tashi da ƙara na ɗan lokaci sannan ya mutu. Ya dube ni ya ce, “Malam, wuta lafiya, inji lafiya, mai ne ba ya isowa.” Da ya kwance ƙoƙon da ke ƙarƙashin kafireton, sai ga wani danƙo ruwan ɗorawa mai warin tsohon fenti, da ɗigon ruwa kwance a ƙasa, wanda nake kyautata zaton daga man 'yan bumburutu da muka saya ya fito. Fetur na wata bakwai ya bushe ya toshe ƙaramar ƙofar da mai ke bi, ƙofar da ba ta fi bakin allura ba. Ya fesa maganin wanki, ya zura siririn zaren waya, ya ɗaga ta sama sai da haske ya ratsa. Kafin ya rufe, ya kuma ƙwaƙule ɗakin da zanzaro ya gina a bakin salansa. Na lura duk lokacin da zai kai hannu kusa da wuƙa sai ya zare wayar fulogi tukuna.

Inda shagon ya gaza shi ne wajen cika alkawari. Ba su da sabuwar matata, aka ce in dawo gobe, goben nan ta zama kwana huɗu, kuma ba a ɗaukar waya. Ba sa ba da rasit, abin da ya ba ni wahala wajen karɓo kuɗina daga akawun makaranta. Haka kuma ban ji daɗin ganin ana tsiyayar fetur a buɗaɗɗen kwano dab da mai walda ba, ko yadda aka zubar da tsohon baƙin mai a kwata.

Duk da haka, kuɗin aiki da na matata da na baƙin mai, a haɗe, ba su kai abin da aka nema na sabon kafireto ba, kuma injin yana tashi a ja na farko ko na biyu tun daga ranar. Wanda zai kai nasa can, ya tafi da takardar rasit ta kansa, ya kuma tambayi ko kayan da ake bukata suna nan kafin ya bar injin. Mai shagon ya ce idan damina ta wuce mu tsiyaye tankin, mu bar injin yana aiki har ya shanye sauran man ya mutu da kansa, kuma na rubuta wannan da alli a ƙofar sito don mai gadi.