Coral USB ko Jetson Orin Nano: wanne za a haɗa wa kyamara?

Masu haɗa kyamarorin gane mutum ko ƙirga motoci a Kaduna sun sha yin wannan tambaya, musamman waɗanda ke dogaro da sola. Dukansu biyu ƙananan na'urori ne da ke yin lissafin AI don gane abin da kyamara ta ɗauka.

A fara da wuta. Coral na Google yana yin lissafi tiriliyan 4 a daƙiƙa da wat 2 kacal, amma ba ya aiki shi kaɗai, sai an jona shi da ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, ita ma da nata cin wutar. A tabbata ramin USB 3.0 aka sa shi, a 2.0 yana ja da baya. Jetson na NVIDIA kwamfuta ce cikakkiya, tana jan wat 7 zuwa 15, wani zubin 25, don haka batirin dare sai ya fi girma.

Inda Coral ke ba da wahala shi ne manhaja. Samfurin AI (tsarin da aka horar ya gane hoto) na TensorFlow Lite, wata manhajar Google, kawai yake karɓa, wanda aka matse zuwa lambobi masu bit 8. Duk matakin da bai gane ba sai ya mayar wa Pi, gudun ya faɗi warwas. Manhajarsa kuma ta daɗe ba a sabunta ta sosai ba. Jetson kuwa yana ɗaukar PyTorch, wata manhajar gina samfurin AI, kai tsaye da kyamarori da yawa.

Kuɗinsa dai ya ninka na Coral sau huɗu. Fankarsa ma ƙurar hunturu na toshe ta, sai an riƙa hurewa.

Mai kyamara ɗaya ko biyu a gona ko ƙofar shago, Coral ya ishe shi. Ɗalibin injiniya da mai sauya samfuri a kai a kai, Jetson ya fi dacewa da su.