Hattara da mai tallan shawar ruwan zafi a WhatsApp

Jama'a don Allah duk wanda ya ga tallan nan da ke yawo a status, na shawar da ke ɗumama ruwa nan take da wuta, wai kaya da ɗaurawa duk kuɗi ɗaya, ya karanta wannan kafin ya tura ko sisi. Ba zan kama suna ba, don sunan da ya ba ni ma ban yarda nasa ba ne, amma a nan Jos yake yawo a kan mashin kuma yanzu da sanyi ya shigo kasuwarsa ta buɗe.

Ni saboda yara na saya, wankan safe kafin makaranta kullum sai an yi kuka. Ya zo ya ɗaura cikin awa biyu, ruwa ya fito da zafi, har na ƙara masa kuɗin mai. Ba a yi sati biyu ba uwargida ta ce makunnin da ke bakin banɗaki yana zafi in an yi wanka, kuma akwai wani ƙarni kamar na kifi, mu muna ta zargin kwata ashe robar makunnin ce ke cin wuta ta ciki. Na kira shi ya ce "Oga ai ƙarfin wutar NEPA ne, ya ƙona suwic ɗin", ya canza ya karɓi kuɗi. Bayan kwana goma haka, ya sake canzawa ya sake karɓa. Sai a na uku da na ga gefen ya yi baƙi har dannawa ba ya yi sosai na je na ɗauko wani dattijo mai wayarin a unguwarmu.

Abin da Baba ya fara yi shi ne kashe wutar gidan gaba ɗaya daga bireka, wato abin da ke yanke wuta in ta fi ƙarfin waya, sannan ya kwance. Wallahi sukurun da ke riƙe waya da yatsa ya juya shi, ko ɗaurewa ba a yi ba, robar wayar ta narke ta manne. Ya ce inda waya ba ta kamu da kyau ba nan zafi ke taruwa, zafin ya ƙara sassauta wurin, a haka har ta kama. Sai ya sa wuƙa ya kankare bakin wayar, ja a waje, fari fat a ciki. Alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe. Kuma kaurinta 2.5 ne kawai, siririya irin ta soket.

Ya karanta jikin shawar, kilowat 7. Ya ce in lissafa da kaina a wayar hannu, 7000 a raba da 230, ya ba ni amp 30 da ɗoriya. Ya ce "ɗana, wannan shawar, wayar jan ƙarfe ta gaske mai kaurin 6 take so aƙalla, layinta daban tun daga akwatin bireka, ba a haɗa ta da komai." Makunnin an rubuta 45A a kwali amma da ya ɗora min shi a hannu tare da na gaske, sakayau kamar ba komai a ciki. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne birekar, mai tallan ya sa babba mai amp 63 da gangan don kada ta riƙa faɗuwa in gane akwai matsala, wato waya ta narke bireka tana kallo. Babu wayar ƙasa mai kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, babu abin nan RCD mai miliamp 30 da ke yanke wuta in ta fara jan mutum, a wurin da yarana ke tsayawa cikin ruwa ba takalmi.

Don haka in makunninku yana zafi ko kun ji wannan ƙarnin, ku daina kunnawa, kuma canza makunni kawai ba gyara ba ne, sai an yanke bakin wayar da ya ƙone an duba kaurinta da birekar. Ku sa a kankare wayar a gabanku.

Na tura wa mai tallan hoton wayar, ya buɗe ya gani, tun ranar lambarsa a kashe. Maƙwabta biyu ya yi wa aiki a layinmu, Baba zai duba nasu gobe in Allah ya kai mu. Mu dai mun koma tukunya da bokiti sai ƙarshen wata.