Gargaɗi: Ku Yi Hattara da Mai Sayar da Haɗaɗɗen Ɗaurin Kati na Commander

Jama'a, duk mai buga wasan katin nan na Magic: The Gathering, musamman tsarin wasan da ake kira Commander, ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa kuɗi. Ni an riga an cuce ni, kuma ba na so wani ya biyo sahuna.

Na daɗe ina son haɗa ɗaurin kati mai zafin hari, wanda zai afka wa abokan wasa tun kafin su zauna da gindinsu. Wanda ya san Commander ya san wahalar hakan. Kati 100 ne, ba a maimaita kati sai filaye na asali (katunan da ke ba ka ƙarfin buga sauran), kowa yana farawa da rai 40, kuma galibi mutum huɗu ne a tebur. Wato rai 120 ne a gabanka, alhali a wasan mutum biyu 20 kawai za ka cinye. Shi ya sa na zaɓi katin Krenko, Mob Boss ya jagoranci ɗaurin, wanda duk lokacin da ka karkata shi a tebur yake ninka yawan goblin ɗinka, wato ƙananan halittun da kake kai hari da su.

Ina cikin neman sauran katunan sai wani mutum ya biyo ni ta saƙo, wai yana da irin ɗaurin a haɗe, zai bar wasan ne shi ya sa zai karyar. Ya turo hotuna: ga Purphoros, God of the Forge, ga Cavern of Souls, ga Dockside Extortionist, kowanne cikin 'yar ledarsa. Bakinsa kamar zuma. "Yallaɓai, wannan ɗaurin a zagaye na huɗu yake share tebur. Mutum biyu na jira, kai na fara yi wa magana." Na ce ya ɗauki hoton katunan tare da takarda mai ɗauke da sunansa da kwanan wata, ya ce yana kan hanya. Na ce mu bi hanyar biyan kuɗin kaya a PayPal, ya ce a'a, ta 'yan'uwa da abokai, don kada a cire masa caji. Ku sani, wannan hanyar ba ta da kariyar mai saye ko kaɗan. Kwaɗayi ya rufe mini ido, na tura.

Kaya sun iso, kuma nan ne wayonsa yake. Katunan banza-banza kusan duka na gaske ne, sai masu tsadar ne jabu. A cikin leda ba ka ganewa. Wani abokin wasanmu ne ya zaro Cavern of Souls, ya shafa shi da yatsa, ya ce santsinsa ya yi yawa. Ya haska tocilan waya ta bayansa. Katin gaske yana barin haske ya ratsa har ka hango rubutun, wannan kuwa ɗif, kamar ka haska bango. Sai ya ɗauko gilashin ƙara girma ya ɗora a kan koren ɗigon da ke bayan katin. A na gaske akwai ƙananan jajayen ɗigo huɗu a ciki, sun jeru kamar harafin L. A nawa babu ko ɗaya. Baƙin rubutun ma, wanda ya kamata ya fito tsaf da kaifin gefe, ya farfashe ya zama ɗige-ɗige. Ko ɗan tambarin nan mai ƙyalli da Wizards of the Coast, kamfanin da ke buga katunan, ya fara sawa a ƙasan manyan katuna a 2014, kada ku dogara da shi shi kaɗai, don masu jabu suna kwaikwayonsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Dockside Extortionist. An haramta shi a Commander tun Satumban 2024, tare da Mana Crypt da Jeweled Lotus da Nadu. Mutumin ya san haka sarai, amma da shi ya yi ta kambama kayan. Na koma zan yi masa magana, na tarar ya toshe ni. Bayan 'yan kwanaki wani ya nuna mini hotunan nan dai, da sabon suna, da labarin barin wasan.

Kuma wallahi ɗaurin hari bai dogara da waɗannan katunan ba. Impact Tremors, kati mai araha, yana cire wa kowane abokin hamayya rai ɗaya duk lokacin da halitta ta shigo ɓangarenka. Ka haɗa shi da Krenko, ka samu abin jawo kati don kada hannunka ya bushe bayan an share halittun da ke tebur, ka riga ka zama abin tsoro a tebur.

Idan wani ya zo muku da haɗaɗɗen ɗauri, ku duba jerin haramtattun katuna tukuna. Ku ce ya zaro masu tsadar daga leda, ya ɗauki bidiyon gaba da baya a kusa, tare da takarda mai kwanan watan ranar. In ya ce yana kan hanya, ko ya ce wasu na jira, ku riƙe kuɗinku, ku kuma kai rahoton shafinsa ga masu kula da dandalin.